Tamal ya kwana: firiji ko firiza, tururi ko kasko?

Babu mai yin tamal guda biyar. Aikin ya fi ƙarfin haka: a jiƙa ɓawon masara, a dafa nama har ya yi ligif, a markaɗa busasshen barkono, a buga kwaɓi sai hannu ya gaji, sannan a zauna naɗi ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta ɗauko wannan ɗawainiya dozin-dozin take yi. Shi ya sa a gidajen mutanen Meksiko, da na zuriyarsu da ke nan Teksas, ake tara dangi a watan Disamba a yi zaman da suke kira tamalada, kamar dai yadda mata ke haɗuwa a kan suyar cincin da dubulan idan biki ya matso. Shi ya sa kuma idan maƙwabciya ta aiko miki, ba ta aiko da na ci ɗaya. Haka na wayi gari da guda 36 a kan teburina a Houston, mu kuwa mu huɗu ne a gidan, biyu ma yara ne.

Ga wadda ba ta taɓa gani ba, tamal ɗan'uwan alala ne da madidi ta wajen siffa, ko dokunun mutanen Gana. Kwaɓin masara ake shafawa a busasshen ɓawon masara ko a ganyen ayaba, a zuba nama da miya a tsakiya, a naɗe, a turara. Sunan ya fito ne daga tamalli, kalmar harshen Nahuatl na mutanen Aztek. Kwaɓin kuwa masa suke ce masa da Sifaniyanci, kada ki zaci waina ake nufi, suna ne kawai ya zo ɗaya. Ɓawon ba a cinsa. A watan Afrilun 1976 shugaban Amurka Gerald Ford ya je San Antonio, aka miƙa masa tamal ya gatsa har da ɓawon, kuma har gobe mutanen Teksas ba su daina ba da labarin ba.

Kafin zancen ajiya akwai tambayar da ta riga shi: da wane mai aka kwaɓa? A al'adarsu man alade ake bugawa cikin kwaɓin, manteca suke kiransa, saboda haka ko da cikin naman kaza ne, ko cuku da koren barkono, ko ma mai sukari, ba ki tsira ba sai kin tambaya. Maƙwabciyata dattijuwa ce 'yar jihar Michoacán, mija take ce mini, wato 'yata, ni kuma ina ce mata Doña, kalmarsu ta girmama mace. Da ta gane matsayinmu sai ta riƙa ware mana kwaɓi na daban da daskararren man tsirrai, ni kuma in kai mata naman da na saya a shagon halal. Irin man yana da tasiri wajen ɗumamawa ma. Wanda aka yi da kitsen saniya, idan bai yi zafi sosai ba, sai ki ji kakiɗe yana manne miki a ganɗa.

Abu biyu ne ke samun tamal idan ya kwana, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko ƙandarewa. Duk wadda ta taɓa barin tuwon masara ya kwana ta san shi: jiya laushi, yau sai ka ce sabulu. Sitacin masara ne, wanda ya kumbura ya sha ruwa lokacin dahuwa, yake sake haɗe jikinsa yana matse ruwan waje idan ya huce. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wannan ƙandarewar ta fi sauri a sanyin firiji, wajen digiri 4 a ma'aunin Celsius, fiye da ko'ina. A firiza kuwa, da zarar ruwan jikinsa ya zama ƙanƙara, kusan tsayawa take yi cak. Zafi yana warware mafi yawanta, muddin akwai danshi a tare da shi.

Na biyu ƙwayoyin cuta, kuma wannan ba a yi masa kara. Tamal nama ne da miya a lulluɓe cikin kwaɓi mai danshi, an kuma cusa su da yawa a tukunya ɗaya. Idan aka kashe wuta aka bar tukunyar a rufe, na tsakiya sai su shafe sa'o'i suna ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 4 da 60 ɗin nan da ƙwayoyin suka fi hayayyafa. Akwai wata mai suna Clostridium perfringens wadda irinta ke tsallake dahuwa, ya farka idan abinci mai yawa ya huce a hankali, ya kawo murɗar ciki da gudawa cikin sa'o'i 6 zuwa 24. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'o'i 2 a waje, idan kuma zafin wurin ya haura digiri 32, sa'a 1. Don haka ko firiji za ki nufa ko firiza, farkon aikin ɗaya ne: ki kwashe su daga tukunya, ki baje a faranti ba tare da ɗora wani kan wani ba, su sha iska kamar rabin sa'a. Kada ki ƙulle su a leda da zafinsu. Gumin da za su yi shi ne zai koma ya caɓa kwaɓin, ko ya zama ƙanƙara a jikin ɓawo. Kuma kada ki ɓare ɓawon, shi ne rigarsu har ranar ci.

To, firiji ko firiza?

Firiji na wanda za a ci gobe ne ko jibi. Ƙa'idar Amurka kwana 3 zuwa 4 ce, hukumar kula da abinci ta Birtaniya kuwa ta fi tsanani, ta ce a cinye ragowar abinci cikin sa'o'i 48. Za ki ji wasu suna cewa nasu yana mako guda lafiya lau. Mai yiwuwa ne, amma ni ba da cikin yarana zan gwada ba. Amfanin firiji shi ne sauri: kin ciro, minti 15 kin ci. Aibinsa kuwa kullum tamal ɗin ƙara tauri yake yi, gefen da ɓawon bai rufe ba yana bushewa, sannan kitsen jikinsa yana zuƙar warin duk abin da ke kusa. Idan akwai daddawa ko kifi banda a firijinki, ki tabbata mazubin mai murfi ne da ke kamawa gam, in ba haka ba za ki ci tamal mai ƙanshin miyar kuka.

Firiza ita ce zaɓina ga duk abin da ya wuce na kwana biyu, kuma a daren farko nake yanke hukuncin. Kuskuren da na yi da waɗancan 36 ɗin shi ne na tura su duka firiji, ina cewa ai za mu cinye. Rana ta huɗu ta zo da saura fiye da rabi, sai na kwashe zuwa firiza. Sanyi ba ya mayar da tsoho yaro. Abin da na daskarar tamal ne ɗan kwana huɗu, kuma haka ya fito bayan wata guda, mai tauri yana marmashewa. Wanda aka daskarar tun ranar da aka yi shi kuwa, idan aka turara, da wuya ki bambanta shi da sabo.

Yadda ake ƙunshe su ma yana da bambanci. Zuba su tuli a jaka ɗaya ya fi sauƙi, amma suna mannewa, ranar da kike son guda biyu sai kin narkar da goma ko kin yi ta dukan ƙanƙara da wuƙa. Naɗe kowanne a leda shi kaɗai ya fi kare su, sai dai ɓarnar leda da ɓata lokaci. Ni tsakiya na kama: in jera su a tire su daskare na sa'o'i biyu ko uku, sannan in zuba shida-shida a jakar firiza mai zif, in matse iska, in rubuta kwanan wata da abin da ke ciki. Rubutun nan kada ki raina shi. Bayan sun daskare, na kaza da na sukari kamarsu ɗaya. A digiri 18 ƙasa da sifiri ba sa lalacewa ta fuskar lafiya, amma daɗinsu na watanni 3 zuwa 4 ne. Bayan haka gefensu yana yin fari-fari, ya bushe, ya ɗauki warin firiza. Na nama cikin jar miya sun fi kowanne jure sanyi. Na cuku da koren barkono, waɗanda suke kira rajas con queso, barkonon yana sakin ruwa idan ya narke, don haka su nake fara cinyewa.

Akwai masu daskarar da ɗanye, wato a naɗe a ajiye ba a turara ba. Hujjarsu mai kyau ce: ranar ci sabon dahuwa za a ci, ba ɗumame ba. Amma ɗanyen tamal ko daga hannun mai naɗi ya fito yana cin sa'a guda ko fiye a kan wuta, balle wanda ya daskare, kuma ɗanyen kwaɓi yana saurin lotsewa kafin ya yi ƙanƙara. Idan ke kika yi su kuma kina shirin baƙi nan da mako biyu, ya dace. Idan kuwa abincin rana kike nema wa kanki a tsakiyar mako, dafaffe ya fi.

Shin sai an narkar kafin a ɗumama? Ya danganta da hanyar da za a bi. Tururi yana karɓar daskararre kai tsaye, ƙarin minti 10 ne kawai. Kasko da suya ba sa karɓa, waje zai ƙone ciki yana ƙanƙara, don haka sai a sauko da su firiji tun dare. Abin da ba a yi shi ne barinsu a kan tebur su narke da kansu.

Mutanen Meksiko suna da kalmar da ta yi daidai da ɗumamenmu, recalentado. Ita ce ma sunan zaman cin ragowar abincin daren Kirsimeti da suke yi ranar 25 ga Disamba, kuma da yawansu cewa suke ya fi na daren daɗi. Wato su ma sun san ɗumame ba abin kunya ba ne, sana'a ce mai zaman kanta.

Tururi shi ne asali. Da shi aka dafa tamal, shi ne kuma ke mayar masa da ruwan da sitacin ya matse, ya narkar da kitsen a hankali tun daga ɓawo har tsakiya. Tukunyarsu ta musamman vaporera ce ko tamalera, doguwa mai faranti mai huji-huji a ƙasa, amma madambaci ya wadatar, haka ma gwagwar ƙarfe da aka ɗora a kan tukunya aka rufe. Ko waɗannan babu, ki dunƙule foyil gida uku ki jefa a tukunya, ki kifa faranti a kai, ruwa ya tsaya a ƙasan farantin. Sharaɗin shi ne kada ruwa ya taɓa su. A tsaye ake jera na ɓawon masara, buɗaɗɗen bakin yana sama, a bar 'yar tazara don tururi ya ratsa. Na firiji minti 15 zuwa 20, daskararru 25 zuwa 30, a kan matsakaiciyar wuta bayan ruwan ya tafasa. Idan garinku kan tudu yake sosai ki ƙara lokaci: birnin Meksiko yana sama da teku da kimanin mita 2,240, a can ruwa yana tafasa ne tun wajen digiri 92, tururinsa bai kai na Houston zafi ba.

Wata dabara da na koya a wajen Doña ita ce jefa kwabo a cikin ruwan. Muddin ruwa yana tafasa za ki ji kwabon yana ƙwal-ƙwal; ya yi shiru, ruwa ya ƙone, sai a ƙara mai zafi ta gefe. Bayan an sauke kuma a bar su minti 5 kafin a ɓare. Da zafinsu kwaɓin yana da taushi har yana manne wa ɓawo, sai ya ɗan huta yake kama jikinsa ya saki. Ni da farko na zaci ɗanyantaka ce na ƙara musu wuta, ashe haƙuri kawai suke so.

Aibin tururi bai wuce lokaci da wanke-wanke ba, ga shi kuma ba ya ƙara komai. Abin da kika ajiye shi zai dawo miki da shi, ba daɗi ba ragi. Idan mutum shida za ki ciyar, ko daskararru ne a hannunki, ko baƙi ne da kike so su ɗauka yau aka yi, babu abin da ya kama ƙafarsa. Tukunyar matsi ma tururi ce, ta fi sauri, sai dai ba ki ganin abin da ke faruwa a ciki, kuma kafin ta ɗauki matsi ta sauke kusan kin kashe lokacin da kike gudu.

Kasko kuwa wani lamari ne daban, kuma shi ne nake so in tsaya a kansa, domin baƙi irinmu ba mu cika saninsa ba. A Meksiko comal ne, faffaɗan kaskon da ake gasa tortilla, siririyar gurasarsu ta masara, a kai, na ƙarfe ko na yumɓu. Duk wani kasko mai kauri zai yi. Ba mai, ba ruwa. A ɗora tamal da ɓawonsa a kan wuta matsakaiciya ko ƙasa da haka, a riƙa juyawa duk bayan minti biyu ko uku, har ɓawon ya yi baƙi-baƙi wuri-wuri, kimanin minti 10 zuwa 12 ke nan ga na firiji. Ɓawon da ke babbakewa yana ba kwaɓin ƙanshin gasasshiyar masara, irin na bakin hanya da damina. Kitsen jikinsa yana narkewa ya soya fatar da ke manne da ɓawo, ta yi ƙanzo ja mai ƙaras-ƙaras, ciki kuwa da laushi. Duk wanda ya taɓa rigima da ƙannensa a kan ƙanzon tukunya ya san abin da nake nufi.

Abin lura a nan shi ne, taurin da firiji ya jawo, wanda yake aibi a wajen sauran hanyoyin, a kasko alheri ne. Sabon tamal ya yi taushi da yawa, ba ya yin ƙanzo mai kyau. Ɗan kwana biyu shi ne daidai. Shi ya sa nake barin 'yan kaɗan a firiji da gangan. Amma kasko yana da iyakarsa. Ba ya ɗaukar fiye da uku ko huɗu a lokaci guda, dole ki tsaya a kansa, gidan kuma zai yi ƙauri, idan na'urar gano hayaƙin ɗakinki mai saurin kuka ce ki buɗe taga tun da wuri. Babban haɗarinsa shi ne ɓawo ya yi baƙi ki ɗauka an gama, alhali naman tsakiya da sauran sanyi. Maganinsa rage wuta, da rufe kaskon a mintuna biyar na farko don zafi ya shiga ciki, sannan a buɗe a bar ƙanzo ya kama. Mai kauri sosai kuwa ba na kasko ba ne.

Maikirowef na mai sauri ne, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ba na amfani da shi ba. Ɗalibi a ɗakin kwana ko ma'aikaciya a ofis ba su da wani zaɓi. Matsalarsa ita ce yana tafasa ruwan da ke jikin kwaɓin ya kore shi waje, kuma ba ya ɗumama ko'ina daidai, sai ki samu kai da gindi sun yi tauri kamar roba, tsakiya da sanyi. Ana rage wannan da abu uku: a jiƙa ɓawon da ruwa ko a naɗe shi a jiƙaƙƙen tishu, a rage ƙarfin na'urar zuwa rabi ko sama kaɗan, kada kuma a saka fiye da biyu. Minti ɗaya, a juya, a ƙara rabin minti ko ɗaya, a bar shi ya huta. Sannan a ci nan take. Tamal ɗin tururi yana iya jiran mai gida ya idar da salla; na maikirowef idan ya huce, ya zama abin jifa. Daskararre kai tsaye a maikirowef kuwa shi ne mafi munin abin da na gwada, sai dai idan yunwa ta ci ƙarfinki.

Obin shi ne wanda na fi ganin ana yabo, ni kuma na fi ƙarancin ganin amfaninsa. Busasshen zafi ne, don haka sai an naɗe kowane tamal a foyil, a gasa minti 20 a digiri 160 zuwa 180, a juya a tsakiya. Kafin obin ya yi zafi, kafin ki gama naɗe-naɗe, da tururi ne da tuni an ci an wanke hannu. Sakamakon kuma bai kai tururi laushi ba, bai kai kasko ƙanzo ba. Inda yake da rana shi ne taro: guda 30 a babban tire, a yayyafa ruwa, a rufe da foyil gam, idan murhun saman duk ya cika da tukwane.

Sai suya. A birnin Meksiko masu sayar da tamal da sassafe, waɗanda ke tsayawa a bakin titi da manyan tukwane da kunun masararsu mai suna atole, wasunsu suna sayar da soyayye, an tuɓe masa ɓawo an tsoma a mai. A can ne ma ake cusa tamal cikin burodi a ci, abin da suke kira guajolota. A gida ba sai an tsoma ba: a ɓare, a yanka shi biyu a tsaye ko a bar shi, a soya a cokali ɗaya na mai har kowane gefe ya yi ja, a ɗora soyayyen ƙwai a kai. Wannan ita ce hanyar ceto ga wanda ya bushe ko ya fashe, wanda ko tururi ba zai dawo da martabarsa ba. Sai dai abinci ne mai kitse aka ƙara wa mai, ba na kowace safiya ba ne. Na'urar suya da iska tana ba da kusan haka da ɗan mai kaɗan, minti 6 zuwa 8 a wajen digiri 175, amma tana busarwa fiye da kasko, kuma busasshen ɓawon da ya saki yana iya tashi ya taɓa ƙarfen wuta, gara a cire shi a shafa mai.

Duk wannan bayani a kan na ɓawon masara ne. Na ganyen ayaba, irin na jihohin Oaxaca da Yucatán na Meksiko da na ƙasar Guatemala, kwaɓinsu ya fi ruwa da santsi, ganyen kuma ya fi rufewa. A kwance ake jera su, sun fi son tururi, kuma da yake sun fi girma suna buƙatar ƙarin lokaci. Manya irin nacatamal na Nikaraguwa, mai shinkafa da dankali da nama a ciki, rabin sa'a ma ba lallai ta ishe shi ba. Hallaca ta Benezuwela kuwa, da ake ɗaure ta tamau da zare, a cikin tafasasshen ruwa ake dafa ta, a ciki kuma ake ɗumama ta. Kada ki ga haka ki jefa na ɓawon masara a ruwa. Bakinsa a buɗe yake, kunu za ki kwasa.

Ko wace hanya kika bi, tsakiyar tamal ɗin ya kai digiri 74. In kina da ma'aunin zafin abinci ki soka ta cikin ɓawo. In babu, ki tsaga guda ɗaya ki ga tururi yana tashi daga naman kansa. Ki ɗumama iya wanda za a ci, domin kowane zagaye na zafi da sanyi yana ƙara masa tauri, yana kuma ƙara ba ƙwayoyin cuta dama. Wanda ya fara tsami, ko ɓawonsa ya yi yauƙi, ko ya kwana a kan tebur, zubarwa ake yi, don akwai ƙwayoyin da ke barin dafin da wuta ba ta kashewa. Idan kuma wuta ta ɗauke, kamar yadda ta yi mana a Teksas a watan Fabrairun 2021, firijin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kimanin sa'o'i 4 ne kawai, cikakkiyar firiza kuwa har sa'o'i 48, rabin cika 24. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na fi amincewa da firiza, kuma duk wadda ta koma gida ta ce za ta yi tamal a inda wuta ke zuwa tana tafiya, gara ta yi iya na kwana ɗaya ta raba wa maƙwabta sauran.

Yanzu idan tire ya iso daga gidan Doña, kafin in kwanta na raba shi. Takwas a firiji: huɗu na gobe da tururi, huɗu na jibi a kasko. Sauran shida-shida a firiza da kwanan wata a jiki. Lissafin nawa shi ne su kai mu ƙarshen Janairu, domin a al'adarsu ranar 6 ga Janairu ana yanka wani burodi mai siffar zobe da aka ɓoye 'yar tsana a cikinsa, duk wanda ta faɗo a yankinsa shi zai kawo tamal ranar 2 ga Fabrairu, ranar da suke kira Candelaria. Bana a yankin jikanta ta faɗo, yaron kuwa shekararsa tara, don haka an riga an aiko mini in je shagon halal in sayo kaji huɗu.